Yadda ake karya harin barade da ganuwar amalanke: dabarar Caldiran

Dabarar da Sarki Salim na Daular Usmaniyya ya murƙushe baraden Shah Isma'il, sarkin Iran, da ita a filin Caldiran, ranar 23 ga Agusta 1514, ba ta da wuyar fahimta. Lokaci take ci.

Da farko a jera amalanken kaya a gaban tsakiyar runduna, a ɗaure su da sarƙa, ta yadda doki ba zai samu kafar kutsawa ba. A girke igwa a tsakaninsu. 'Yan bindigar Janisari, zaɓaɓɓun dakarun Usmaniyya, su tsaya a baya, domin ɗura albarushi na ɗaukar lokaci, kuma mai ɗuri a fili abincin takobi ne. Mahaya su riƙe dama da hagu.

Sai a sa dakaru a gaban igwa su rufe ta. Idan abokan gaba sun sako sukuwa, dakarun su dare gefe, a buɗe wuta. A nan ake yin ɓarna: a Caldiran, a dama, ɓangaren Sinan Fasha, kwamandan Salim, an dare a kan kari, aka kashe Muhammad Khan Ustajlu, kwamandan Shah. A hagu kuwa an makara, Isma'il ya tarwatsa su, aka kashe Hasan Fasha, kwamandan Salim a wannan ɓangaren.

Maganin wannan shiri ɗaya ne, a afka kafin a gama ɗaure sarƙa, ga mutane sun gaji da tafiya. Ustajlu ya ba da shawarar haka, Durmish Khan, wani kwamandan Shah, ya ce a jira, Shah ya bi ta Durmish.