Kurakuran da aka fi yi wajen sauya kayan ɗaurin aksil da sifirin a motocin shiga daji

Duk wanda ya ɗaga motarsa ko ya sa mata manyan tayoyi domin shiga duwatsu da laka, wata rana zai koma kan ƙarafan da suka haɗa aksil, wato bututun ƙarfen da tayoyi ke bakinsa biyu, da sifirin mai falle-falle. Ƙarafan ba su da yawa: ƙusoshi biyu masu lanƙwasa kamar harafin U a kowane gefe, waɗanda makanikai ke kira yu-bol, da farantin da ake ɗaure su a jiki, da mazaunin sifirin da aka yi wa walda a kan bututun aksil, sai ƙusar tsakiya da ta ratsa fallayen duka. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ƙusar tsakiya ba ita ce ke riƙe aksil ba, aikinta kawai ta nuna masa mazauninsa. Matsin da yu-bol ke yi shi ne ke riƙo, kuma yawancin kurakuran da ke ƙasa hanyoyi ne na rasa wannan matsi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da tsohon yu-bol bayan an kwance shi. Idan aka ɗaure shi yadda ya kamata a karon farko, ƙarfen yakan ɗan miƙe, zaren jikinsa kuma yakan sauya siffa a inda noti ya zauna, saboda haka a karo na biyu sifana mai awon ɗauri za ta nuna an kai ƙarfin da ake so alhali matsin bai kai ba, domin ƙarfin ya tafi wajen kokawa da zaren da ya lalace da tsatsa. Ido ba ya ganin wannan lahani, shi ya sa ake yawan cewa ai da sauransa. Gyaran shi ne a sayi sabo duk lokacin da aka kwance, tare da dogayen notuna da washa masu tauri, domin washa mai laushi takan lotse a hankali ta saki ɗaurin. Wajen sayen kuma a nemi ƙarfe mai daraja ta 8 a ma'aunin inci, ko 10.9 a ma'aunin milimita.

Sai rashin awo kafin saye. Lanƙwasar yu-bol iri uku ce: mai zagaye, mai kusurwa, da mai rabin zagaye, kuma kowace an yi ta ne domin siffar abin da za ta runguma. Idan aka sa mai faɗin inci 3 da kwata a kan bututu mai inci 3, ko aka buɗa wanda ya yi kaɗan da guduma don ya shiga, ƙarfen zai taɓa bututun a wuri ɗaya ko biyu maimakon ya kwanta a jikinsa gaba ɗaya. A auna kaurin bututun, da kaurin ƙusar, da tsayin da ake bukata bayan an lissafa duk fallen da aka ƙara. Abin da ya yi saura a ƙasan noti a yanke shi, musamman idan notunan suna kallon ƙasa, domin dutse ba ya barinsu.

Yadda ake ɗaurin ma akwai gyara. Wasu sukan matse noti ɗaya har ƙarshe da injin iska kafin su koma na biyu, sai farantin ya karkace, wani gefen ya matsu wani ya zauna sako-sako. Daidai shi ne a bi notuna huɗun a gicciye, mataki uku ko huɗu, ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan da sifana mai awon ɗauri har a kai adadin da mai ƙera kayan ya rubuta. Kafin nan a kankare tsatsa da fenti mai kauri daga mazaunin, a kuma tabbatar kan ƙusar tsakiya ya faɗa cikin raminsa. Aikin kuma bai ƙare a ranar ba, domin sababbin fallaye sukan zauna da juna bayan ɗan tafiya: a sake gwada notunan bayan kamar kilomita 80, sannan bayan kamar 800, da kuma bayan kowace fita mai wuya. Jar ƙurar tsatsa da ke fitowa tsakanin fallaye kusa da farantin alama ce cewa wani abu yana motsi, kuma idan aka tarar ƙusar tsakiya ta guntule, ko falle ya tsage daidai ramin tsakiya, kusan kullum sakin yu-bol ne sanadi.

Maganar tubalin ƙarfe da ake sawa tsakanin aksil da sifirin don ƙara tsayi tana bukatar a tsaya a kanta. Idan injin ya murza tayoyi, bututun aksil yakan yi ƙoƙarin juyawa ta ɗaya gefen, ya murɗe sifirin ya zama kamar harafin S, sannan ya sake shi da ƙarfi, abin da direba ke ji kamar tsalle-tsallen tayar baya a kan yashi ko hawa. Tsawon tubali yana ƙara wa wannan murɗa ƙarfi, kamar yadda doguwar sifana ta fi gajera kwance noti. Saboda haka ɗora tubali biyu a kan juna ganganci ne, sa shi a aksil na gaba kuwa, inda birki da sitiyari ke aiki, ya fi muni. A ganina wanda yake son tsayi na gaske ya sayi sifirin da aka lanƙwasa don wannan tsayin, ya sa mazauni mai ɗan tsawo wanda zai tallafi fallayen, in murɗar ta ci gaba ya ƙara sandar da ke hana aksil juyawa.

Ɗaga mota yana sauya kusurwar da furofela, wato sandar da ke kai juyin injin zuwa aksil, ke shiga aksil ɗin, kuma mantawa da wannan shi ke kawo girgiza da saurin cinyewar kuros, wato gaɓar da ke bakin furofela. Idan furofelar mai kuros ɗaya ce a kowane baki, bakin aksil ya kamata ya kasance a kusurwa kusan ɗaya da mafitar giyabos ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan kuwa mai kuros biyu ce a bakin sama, bakin aksil na baya zai kalli furofelar kai tsaye, a sauke shi digiri 1 ko 2 domin yakan ɗago idan mota ta ja. Ana gyara ƙaramin bambanci da siririn ƙarfe mai gangare da ake sawa a mazauni, amma a zaɓi na baƙin ƙarfe wanda ƙusar tsakiya ke ratsawa, domin na alminiyam yakan farfashe ya zube, ɗaurin ya saki nan take. Idan bambancin ya yi yawa, gara a yanke mazaunin a sake walda. A nan ma akwai tarko: kada a kammala walda kafin mota ta sauka da nauyinta a auna kusurwar, kuma a yi ta guntu-guntu ana barin ƙarfen yana hucewa, domin zafi mai yawa a gefe ɗaya yakan lanƙwasa bututun.

Ƙusoshin da ke ratsa bushin, wato zoben da ke bakin sifirin, da ƙarfen lilo na baya da ke rataye sifirin a jikin mota, idan bushin na roba ne, ba a ƙarasa matse su mota tana kan jak, sai ta sauka, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Kafin a fita da motar kuma, a ɗaga ta har aksil ya rataya gaba ɗaya, a duba ko tiyon birki ya miƙe kamar tsirkiya, ko kuma shokozoba ce ke ɗauke da nauyin aksil ɗin. Idan haka ne, sai a sauya su da masu tsayin da ya dace da sabon tsayin motar.