Yadda ake farfaɗo da tsohon agogon hannu mara batir

Yawancin tsofaffin agogunan da aka jefa cikin akwati wai sun mutu, ba abin da ya karye a cikinsu. Man da ke ciki ne ya bushe, ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama ƙulli-ƙulli, sai haƙoran giya suka kasa juyawa. Za mu ɗauki Seiko 5 mai inji 7S26, wanda aka fara ƙerawa a 1996, tunda ya cika kasuwanninmu kuma kayansa ba sa wuyar samu.

Ka tanadi ƙananan sukudireba daga milimita 0.6 zuwa 1.4, matsefata ta tagulla, gilashin ido mai ƙara girma, 'yar famfon hura iska, tsinken sakace, da faranti mai gida-gida da murfi. Ka shimfiɗa farar takarda a tebur, ka rufe taga, ka kashe fanka. Kada ka hura da baki, danshin numfashi tsatsa yake jawowa.

Kafin ka kwance komai, ka kusantar da agogon ga kamfas. Idan allurar ta motsa, maganaɗisu ya kama shi, galibi daga lasifikar rediyo ko waya. Irin wannan agogon gudu yake yi, har mintoci a rana, kuma na'urar cire maganaɗisu kaɗai ta ishe shi.

Buɗe bayan, ka cire faifan nan mai lilo da ke yi wa agogon wani, wato yake naɗe masa babban sifirin da ke ba shi ƙarfi. Danna ɗan harshen da ke riƙe da sandar saiti, ka zare ta, ka fito da injin. Haɗa hannayen a kan sha biyu, ka rufa leda a kan fuskar kafin ka ɗaga su, don kada ka ƙarce ta. Kowane mataki ka ɗau hotonsa da waya. Sukurori suna kama da juna, amma tsawonsu ya bambanta, kuma dogo a gurbin gajere yakan tokare giyar da ke ƙasa.

Yanzu ka sauke ƙarfin babban sifirin. Riƙe sukurun babban wilin da sukudireba, ka janye ɗan makullin da ke tare shi, ka bar shi ya warware a hankali. Wanda ya tsallake wannan, da ya ɗaga gadar giyoyin, wato ƙarfen da ke riƙe su ta sama, sai ƙarfin ya kwance gaba ɗaya, haƙora su karye.

Daga nan sai balans, wilin da ke kai da komowa, mai bugu shida a daƙiƙa, wato 21,600 a awa. Shi ne ran agogon. Siririn sifirin ɗinsa bai kai kaurin gashi ba, in ya lanƙwashe gyaransa sai gwani. Ka ɗaga shi tare da gadarsa, a hankali, ka kifa shi a gidansa shi kaɗai. Ƙananan sifirin kuwa tsalle suke yi. Ka rufa leda mai haske a kansu, ka danne gefe da tsinke, sannan ka cire ta ƙarƙashin ledar. In ɗaya ya tashi, da wuya ka sake ganinsa.

Abin da ke kashe agogo a kasuwa shi ne a tsoma injin dungurungum cikin fetur ko kananzir, a girgiza, a mayar. Zai yi tafiyar wata ɗaya ko biyu, sannan ya koma cin kansa, domin dauɗar tana nan cikin ramuka, man kuma ya tafi. Ka wanke kowane ɓangare daban da man laita, da burushi mai laushi. Ka fiƙe tsinke ka juya shi cikin ramin kowane jan dutse, inda bakin giya ke juyawa, har ya fito fes. Balans da falet, ɗan ƙarfen nan mai jajayen duwatsu biyu, kada su daɗe cikin sifirit, yana narkar da ƙaron da ya liƙe duwatsun. Fuskar agogo ba a wanke ta sam. In kuma agogon ya girmi 1960, kada ka kankare fentin lambobinsa masu haske da dare, wasu na ɗauke da radiyam, ƙurarsa guba ce.

Wajen mayarwa, jera giyoyin, ka ɗora gada ba tare da ka ɗaure ba. Taɓa kowace giya da tsinke har bakinta ya faɗa raminsa. Sai ka ga duka suna juyawa da tura ɗaya sannan ka ɗaure. Bakin nan sirantarsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ce, ɗauri ɗaya bisa kuskure ya karya shi.

Man keken ɗinki ba na agogo ba ne. Moebius 9010 ake sa wa balans da giyoyi masu sauri, HP-1300 ga masu ɗaukar nauyi, 9415 a fuskar duwatsun falet. Bakin falet ɗin kansa ba a sa masa mai. Ɗigon kada ya cika ramin dutse, rabi ya isa. In ya yi yawa malala yake yi, ya kai ga siririn sifirin, zagayensa su manne, agogo ya kama gudu.

Bayan ka rufe, ka bar shi kwana biyu, yau fuska sama, gobe a gefe, kana kwatanta shi da agogon waya. Idan yana gudu ko jinkiri, ka matsa hannun saiti da ke kan balans wajen alamar ragi ko ƙari, motsin da ido da ƙyar zai gani, ka sake jira kwana ɗaya kafin ka ƙara taɓawa.