Yadda ake wanke tsohon faifan garmaho

An sha tambayata yadda nake wanke ƙananan faya-fayan nan masu juyi 45 a minti, na kiɗan garej rok ɗin Amurka na shekarun 1960, wato wani salon kiɗan jita na ƙananan ƙungiyoyin matasa. Da yawansu ƙananan kamfanoni ne suka buga, kwafi kaɗan. In naka ya lalace, da wuya ka samu wani.

1. Wanke hannunka, ka goge.

2. Riƙe faifan ta baki-bakinsa. Kada yatsa ya taɓa layukan.

3. Share ƙura da lallausan buroshi.

4. Ɗiga sabulun ruwa, ɗigo ɗaya tak, a cikin kofin tataccen ruwa. Ruwan famfo yakan bar ƙasa-ƙasa a cikin layukan.

Hattara: kada ka zuba sifirit. Da yawa daga cikin 'yan 45 ɗin Amurka na wancan zamani da wata roba mai gautsi aka yi su, wadda sifirit zai iya lalatawa. Masu juyi 78 kuwa, sifirit narkar da fuskarsu yake yi.

5. Jiƙa ƙyalle mai laushi, ka matse.

6. Goga a hankali kana bin zagayen layukan. Kada ka ratsa su.

Hattara: a nan aka fi yin ɓarna. Ruwa na taɓa takardar tsakiya, rubutun sai ya dame, sunan mawaƙan ya dushe. Har yanzu ina takaicin wani da na yi wa haka.

7. Sake gogewa da tataccen ruwa zalla.

8. Jingine shi a tsaye, a inuwa. Rana na lanƙwasa faifai.

9. Bari ya bushe ƙarau kafin ka ɗora allura.

10. Saka shi a sabuwar rigar takarda.