Kurakuran da ke durƙusar da ƙungiyoyin taimakon al'umma da yadda ake gyara su

Yawancin ƙungiyoyin taimakon al'umma da suka watse ba ɓarawo ne ya watsa su ba. Mutanen kirki ne suka kafa su, suka yarda da juna, har suka ga kamar rubuta doka a tsakaninsu zargi ne. Sai ranar da kuɗi suka yi yawa, ko wani ya rasu, ko aka samu saɓani, sannan a duba a ga babu takarda ko ɗaya da za a koma gare ta.

Kuɗi a hannun mutum ɗaya

A nan aka fi faɗuwa. Kafin a gama rajista, shugaba ko ma'aji yakan ce a riƙa turo gudummawa ta asusunsa na ɗan lokaci, sai ɗan lokacin ya zama shekaru. Kuɗin marayu su cakuɗa da nasa, shi kansa ya kasa bambancewa. In ya rasu, banki ya dakatar da asusun, kuɗin su shiga lissafin gado. In ana bin sa bashi, ana iya riƙe su a matsayin dukiyarsa.

A buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu su zama 3, kuma kuɗi ba sa fita sai 2 sun amince. Kada su kasance 'yan gida ɗaya, ko ubangida da yaronsa, don wanda ba zai iya ce wa ɗan'uwansa a'a ba, sa hannunsa ado ne kawai. Kada kowa ya sa hannu a cek ɗin da ba a cike ba, ko da tafiya zai yi. In ana biya ta waya ko intanet, a nemi banki ya saita yadda ɗaya zai shigar da biya, wani ya tabbatar, saƙon shiga da fitar kuɗi kuma ya riƙa zuwa wayoyi biyu.

Akwai ayyuka uku da bai kamata su haɗu a hannu ɗaya ba: amincewa da kashe kuɗi, biyansu, da rubuta su a littafi. Duk ƙarshen wata, wani da ba ya cikin masu sa hannu ya ɗauki bayanan banki ya gwada da littafin ma'aji layi-layi, ya nemi rasit na kowace fita. Tsabar kuɗin da aka tara a taro mutum biyu za su ƙirga nan take, su rubuta, su sa hannu, a kai banki gaba ɗaya. Cire kuɗin mota ko na abinci daga ciki kafin a kai shi ne mafarin lissafin da ba ya daidaita. Wannan tsari kariya ce ga ma'aji mai gaskiya kafin kowa, domin shi ake fara nunawa da yatsa.

Karkatar da gudummawa

An tara kuɗi don aikin tiyatar wani yaro, sai buƙatar hayar ofis ta taso, aka ce a ara a mayar daga baya. Ba a cika mayarwa ba. Abin da aka bayar da sunan wani aiki amana ce ta wannan aikin, ko da ɗaya buƙatar ta fi gaggawa. A buɗe wa kowane irin wannan kuɗi shafinsa a littafi. In dole sai an canza, a nemi izinin mai bayarwa a rubuce. Mafi sauƙi ma, tun a sanarwar neman taimako a faɗi inda ragowar za ta tafi in an samu fiye da buƙata.

Shugaban da ba ya sauka

Wanda ya kafa ƙungiya ya cancanci girmamawa, amma in shi ne shugaban amintattu, wato kwamitin da ke sa ido kan ƙungiya, shi ne kuma mai gudanar da aikin yau da kullum, to wa zai tambaye shi? A raba kujerun biyu. Amintattu su tsara manufa, su amince da kasafi, su sa ido, masu gudanarwa su aiwatar su kawo rahoto. A sa wa'adi a kundin tsarin mulki, misali shekara 3, sau biyu kawai, kuma a jera shi yadda kashi ɗaya cikin uku na amintattu ne ke sauka kowace shekara, don kada masu sanin aiki su tafi rana ɗaya.

Cika kwamiti da manyan sunaye waɗanda ba sa zuwa taro ma kuskure ne. Mutum 5 zuwa 9 masu zuwa sun isa, a samu a cikinsu mai iya karanta lissafi da wanda ya fito daga cikin waɗanda ake taimakawa. Wanda ya rasa taro 3 a jere babu uzuri, kujerarsa ta faɗi. Manyan kuwa a ba su matsayin iyayen ƙungiya, ba tare da ƙuri'a ba.

Taron da ba a rubuta ba

A ƙayyade adadin da sai ya cika kafin a yanke hukunci, a tura ajanda da rahoton kuɗi kwana 7 kafin zama. Sakatare ba sai ya kwashe duk muhawara ba. Abu uku ake so: me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe. Abin da aka amince da shi ta WhatsApp a shigar da shi rubutun taro na gaba.

Kusanci da son kai

Ɗan kwamiti yana sayar da kayan da ake buƙata, ko ƙanwar wani tana cikin masu neman tallafi. Wannan ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi. Mai alaƙa ya faɗa da bakinsa, ya fita daga ɗakin har a gama magana, a rubuta cewa ya fita. In sayayya ce babba, a karɓi farashi daga wurare 3.

Zaɓen masu cin gajiya shi ma a ɗora shi kan sharuɗɗan da aka rubuta kafin a ga sunaye. In babu su, wanda ya san wani ne ke samu, mai kunyar roƙo kuma, wanda sau da yawa ya fi kowa buƙata, a bar shi a baya. Mutum biyu su je su ga halin da mai nema yake ciki. A buɗe hanyar kai ƙorafi wadda ba ta bi ta hannun mai rabo ba. Hoton mabuƙaci kuma kada a ɗora shi a intanet sai da yardarsa, kuma ya san ƙin yarda ba zai hana shi samun taimako ba.

Rabar da komai, da riƙe komai

Wasu suna jin kunyar ajiye ko sisi, sai wata guda na ƙarancin gudummawa ya tsayar da aiki cak. A tara a hankali abin da zai riƙe ƙungiya wata 3, a kuma gaya wa masu bayarwa dalili. Kada kuma mutum ɗaya ya riƙe komai: takardar rajista, littattafan kuɗi, lambar wayar ƙungiya da kalmar sirrin shafinta na Facebook, a rubuta jerinsu da sunan mai riƙe da kowanne, mutum biyu su iya kaiwa gare su. Ranar miƙa mulki a bi jerin ɗaya bayan ɗaya, mai sauka da mai hawa su sa hannu, a sanar da banki canjin masu sa hannu a cikin makon.