Allunan Sassaƙen Gumakan Hindu: Kurakuran da Masu Saye da Masu Ratayawa Suka Fi Yi

A jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya akwai garuruwan da sassaƙar katako ce sana'arsu ta gado, irin su Kallakurichi da Arumbavur da Thammampatti. Kakannin masassaƙan nan su ne ke ƙera manyan kekunan katako da ake ɗora gumaka a kai ana ja da igiya ranar bikin haikali. Irin zanen da ke jikin waɗannan kekuna shi ne jikokinsu suka mayar alluna na ratayawa a bangon gida, kuma gwamnatin Indiya ta yi wa aikin rajistar asali don kada wani ya ari sunan garin: na Arumbavur a 2020, na Kallakurichi a 2021. Mutanenmu da ke zuwa Indiya neman magani ko karatu ko saro kaya suna cin karo da allunan a kantunan tsaraba, haka ma masu aikin ƙawata gidaje da otel a Kano da Abuja da Legas, inda iyalan Indiyawa suka daɗe da zama. Allon nan katako ne da ke shan iska yana motsi, kuma a wurin mai shi surar abin bauta ce. Kusan duk kuskuren da ake tafkawa daga manta ɗaya cikin biyun nan yake fitowa.

Saye ba tare da sanin ko wane ne a jiki ba

Wannan shi ne babba, kuma ya fi faɗa wa baƙo. Mutum ya ga giwa mai kyau an ƙawata ta da furanni, ya ce ai giwa ce kawai, ya biya ya taho da ita. Sai daga baya wani ya nuna masa cewa giwar tana zaune ne kamar mutum, tana da hannuwa huɗu da ƙaton ciki, haurenta ɗaya a karye, ga ɗan ɓera a gindin ƙafarta. Wannan Ganesha ne, wanda mabiya Hindu ke fara kira kafin su soma kowane sabon al'amari, shi ya sa ya fi kowa yawa a kasuwa.

Gane su ba wuya idan ka san abin dubawa: abin da ke hannu, da dabbar da ke kusa. Mace a kan furen bado, kuɗi na zuba daga tafinta, wani lokaci giwaye biyu na kwarara mata ruwa ta dama da hagu, Lakshmi ce, ta arziki. Irin mai giwayen shi aka fi kafawa a saman ƙofa. Mace mai riƙe da kayan kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya, da ɗawisu ko farar tsuntsuwar ruwa a gefenta, Saraswati ce, ta ilimi. Saurayi mai busa sarewa, ƙafa ɗaya a harɗe kan ɗaya, saniya a bayansa, Krishna ne. Mai rawa a tsakiyar da'irar wuta, ƙafarsa ɗaya a kan wani gajeren mutum, Shiva ne a surar da suke kira Nataraja. Mace a kan zaki da makamai a hannuwa da yawa, Durga. Mai fuskar biri da kulki, Hanuman. Idan kuwa dogon allo ne mai gidaje 10 a jere, ya fara da kifi, sai kunkuru, sai aladen daji, sai mutum mai kan zaki, to surori goma ne na Vishnu, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu.

Matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi mai kanti sunan abin da ke jiki kafin ka taɓa aljihu. Idan kai Musulmi ne da ba ka son gunki a ɗakinka amma aikin hannun ya burge ka, Indiya ba ta rasa abin ba ka ba: garin Saharanpur da ke jihar Uttar Pradesh ya shahara da sassaƙar furanni da ganye da raga mai huji-huji, babu surar mai rai, kuma da yawa daga masassaƙansa Musulmi ne. Idan kuma kyauta za ka yi wa abokin hulɗa Ba'indiye, kada ka ɗauka duk Ba'indiye Hindu ne. Akwai Musulmi da Kirista da Sikh da Jain, kuma ko cikin mabiya Hindu wani gidan na Vishnu ne, wani na Shiva.

Akwai wani ɗan bambanci da masu saro kaya ke tsallakewa har kaya su kwanta musu. Hancin Ganesha yakan lanƙwasa ko dai hagu ko dama. Yawancin iyalai mai hancin hagu suke nema don gida, domin a al'adarsu mai hancin dama, irin na haikalin Siddhivinayak da ke Mumbai, yana buƙatar hidima mai tsauri da ba kowane gida zai iya ɗauka ba.

Yarda da sunan katakon da mai kanti ya faɗa

Araha ba ta ado. Da yawa daga abin da ake tallatawa da sunan aikin hannu, garin katako ne da aka matse da gam, inji mai aiki da kwamfuta ya yanka shi. Wasu ma roba ce aka zuba a mazubi aka shafa mata launin itace. Juya allon ka dubi bayansa. Katakon gaske yana da jijiyoyi da ke tafiya daga gaba har baya, kuma a gefe za ka ga inda suka ƙare. Na garin katako bayansa sumul yake, gefensa babu jijiya ko ɗaya. Sai ka leƙa cikin lunguna, ƙarƙashin hannu ko bayan kambi: masassaƙi yana barin sawun ƙarfensa a can, kuma furen dama ba ya taɓa zama daidai da na hagu ɗari bisa ɗari. Idan ka ga alluna biyar a kanti kamar an tsaga kara, inji ne. Na inji ba laifi ba ne idan an faɗa maka gaskiya an kuma sayar maka a kuɗinsa. Abin haushi shi ne ka biya kuɗin hannu ka karɓi na inji.

Masassaƙan Tamil Nadu sun fi aiki da itacen da suke kira vaagai, wani lokaci da vengai, wanda ɗan'uwan madobiyarmu ne. A wasu wuraren ana amfani da tik, da mangwaro, da malaina, har da dogon yaro, wanda da shi ake sassaƙa gumakan babban haikalin Jagannath na garin Puri. Mangwaro ne aka fi rinawa da baƙi-baƙi a ce maka shisham ne, wato katako mai tsada na arewacin Indiya. Shisham na gaske yana da nauyi, kuma launinsa har ciki yake. Ɗan kankare baya da farce ko makulli, da izinin mai kanti, zai nuna maka ko fari ne a ƙarƙashin rinin. Sandal kuwa, idan aka miƙo maka ƙaton allo mai ƙamshi a farashi mai sauƙi aka ce sandal ne, turare aka shafa masa. Itacen sandal ya yi tsadar da ƙananan abubuwa ake sassaƙawa da shi, kamar yadda masassaƙan Gudigar na jihar Karnataka ke yi.

Kwaɗayin tsoho

Wasu suna jin an ce allon daga tsohon keken haikali aka ɓanɓaro shi, sai su ƙara kuɗi. Abu biyu ne: ko dai ƙarya ce, sabo ne aka turara da hayaƙi aka goga masa ƙasa, ko kuma gaskiya ce, ka sayi rigima. Dokar Indiya ta 1972 kan kayan tarihi ta hana mutum fita da duk abin da ya kai shekara 100 daga ƙasar, kuma hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ce ke ba da takardar shaidar cewa abu ba na tarihi ba ne. Ba wasa suke yi da batun ba: Subhash Kapoor, dillalin da ke da kanti a New York, an kama shi a Jamus a 2011, aka miƙa shi Indiya, kotu a Tamil Nadu ta yanke masa shekara 10 a 2022 kan satar gumakan haikali. Ka sayi sabo, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan katakon da bayanin cewa sabon aiki ne.

Mai saro da yawa yana da ƙarin takarda. Tun 2017 dangin itacen shisham suka shiga jerin yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da namun daji. A 2019 aka sassauta wa ƙananan kayan da aka gama ƙerawa waɗanda ba su wuce kilo 10 ba, amma manya na buƙatar takardar da a Indiya ake kira Vriksh. Ka tabbata mai turo maka kaya yana da ita tun kafin a ɗaure kwali.

Manta hunturu

A nan ne aka fi asara, kuma ba a ganinta sai bayan wata biyu ko uku. An sassaƙa allon a wurin da iska ke da laima, ga kuma birane irin su Chennai da ke bakin teku inda yake kwana a kanti. Sai a kawo shi Kano ko Damagaram a watan Disamba, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta katako ke kumbura da damina ta kuma saki da hunturu ya san abin da zai biyo baya. Katako ba ya ƙanƙancewa ta tsawo, ta faɗi yake tsukewa, kuma fatarsa na rigan cikinsa bushewa, sai ya tsage. Tsagar kuma ba ta zaɓen wuri, sau da yawa ta tsakiyar fuska take bi.

Maganin yana farawa tun a kanti: tambayi ko an busar da katakon a tanda ko an bar shi ya daɗe yana shan iska kafin a sassaƙa. Allon da ya yi nauyi fiye da kima kuma yake da sanyi a hannu, da alama ɗanye ne. Idan ya iso, kada ka yaye ledar nan take ka rataya. Ka ɗan buɗe bakinta, ka ajiye shi kwance a ɗaki mai inuwa na mako biyu ko uku, ya saba a hankali. Ka shafa masa kakin zuma gaba da baya. Bayan allon shi aka fi mantawa, alhali ta can ruwan jikinsa ke gudu da sauri har allon ya lanƙwashe. Kada ka kafa shi inda na'urar sanyaya ɗaki ke hura masa kai tsaye, ko bangon da rana ke duka ta taga. Idan da hali, a shigo da kaya da damina.

Man gyaɗa da man ja da wasu ke shafawa don ya yi ƙyalli kuskure ne: suna yin ɗanko, su kama ƙura, su yi wari. Wanka da ruwa da sabulu ma haka. Burushi mai laushi ya isa ya fitar da ƙura daga lunguna. Idan ka ga gari mai laushi yana zubowa ƙasan allon da ƙananan huji a jiki, ƙwaro ne a ciki. Ka raba shi da sauran kayan katako nan take. Ƙarami ana iya naɗe shi a leda a matse iska a sa a firiza mai ƙarfi na mako guda, sannan a bar shi ya huce a cikin ledar kafin a buɗe. Gara kuwa ta bango take hawowa, don haka a bar ɗan tazara tsakanin allon da bangon, musamman inda bango ke jiƙa.

Ƙusa ɗaya da bangon da bai dace ba

Babban allo yana iya wuce kilo 10, amma sai ka ga an dogara da ƙusa ɗaya da ɗan zoben da aka liƙa a baya. A huda bango da na'ura, a cusa robar nan da kafintoci ke kira fisha, a ɗaura sukuru biyu ko fiye. Mafi aminci shi ne katako biyu da aka fere bakinsu a karkace, ɗaya a bango ɗaya a bayan allon, su sarƙe da juna.

Sai zaɓen bango, kuma nan mai ƙawata gida ya kamata ya ajiye ra'ayinsa ya saurari mai gida. Yawancin iyalan Hindu suna bin ƙa'idojin tsara gida da suke kira Vastu, inda kusurwar arewa maso gabas ce aka fi so ga abin bauta. Ba sa son a rataya shi a bangon da bayansa banɗaki ne, ko ƙarƙashin matakala, ko kusa da wurin ajiye takalma, ko ƙasa-ƙasa inda ƙafar mai zama za ta miƙe ta nuna shi. Da yawa ma ba sa son sa a ɗakin kwana. Yayin aiki kada a jingina shi a ƙasa fuska a kife, kada a tsallake shi. Idan a wurin ibadarsu za a kafa, ka tuna za a riƙa kunna fitilar mai da turaren tsinke a gabansa kullum, don haka a ɗaga shi sama da inda harshen wuta da hayaƙi za su kai, in ba haka ba cikin shekara guda fuskar ta yi baƙi.

Idan kuwa aka yi rashin sa'a ya faɗi, hannu ko hanci ya ɓalle, kada yaron aiki ya yi maza ya liƙe da gam mai kamawa nan take don a rufa asiri. Gam ɗin yana barin farin tabo da ba ya fita, kuma a wurin yawancin mabiya Hindu surar da ta karye ba a ci gaba da yi mata bauta. Sukan kai ta kogi ko su ajiye ta gindin itace. A tattara gutsattsarin a tsumma mai tsabta a faɗa wa mai gida. Idan ya ce ado ne kawai a gyara, kafinta ya yi amfani da farin gam na katako, ya matse da maɗauri har kwana ɗaya kafin a mayar bango.