Kurakuran da ake yi wajen sauraron bugun zuciyar ɗan tayi a gida

'Yar na'urar nan da ake kira dofla, wadda ungozoma ke ɗorawa a cikin mai juna biyu ranar awo, yanzu ta shiga gidaje. Ba na ganin laifin mai son ta, don jin zuciyar abin da ke cikinki akwai daɗi. Sai dai kunnen da bai saba ba yakan ji abin da ba shi ba ne.

Gaggawa ce ke fara jefa mata cikin damuwa. Ciki na wata biyu a fara lalube, a ji shiru, a kwana ana kuka. Ko a hannun ƙwararru, sai wajen mako 10 zuwa 12 dofla ke fara kama bugun. A lokacin kuwa mahaifa tana can ƙasan mara, ba ta kaiwa cibiya sai kusan mako 20. Wadda ke nema a saitin cibiya da cikin wata uku, kukan hanjinta take saurare. Ki shafa jel wadatacce, ki ɗora kan na'urar ƙasa sosai, ki riƙa karkata shi a hankali maimakon yawo da shi. Idan mabiyiya na manne ta gaba, ko yaron ya juya, za a iya jin shiru alhali lafiyarsa ƙalau.

Sai kuma ɗaukar bugun zuciyarki a matsayin nasa. Ki dafa jijiyar wuyan hannunki yayin da kike saurare: in sautin na tafiya daidai da ita, naki ne. Na yaro sauri gare shi kamar sukuwar doki, 110 zuwa 160 a minti, naki kuma galibi ba ya wuce 100. Wani "fuu-fuu" mai kama da iska, jini ne ke gudu a mabiyiya. Lambar da ke fitowa a fuskar na'urar ma kada ki ba ta gaskiya, takan ƙirga duk abin da ta kama. Manhajojin waya masu iƙirarin jin bugun kuwa ba su cancanci ɓata lokaci ba.

Dofla ba abin kunnawa safe da yamma ba ce. Tun 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta gargaɗi masu ciki kan amfani da ita ba tare da ma'aikacin lafiya ba.

Kuskuren da ke cin rai shi ne wannan: mace ta ji motsin yaro ya ragu, ta ɗauko dofla, ta ji bugu, ta ce "Alhamdu lillahi", ta koma barci. Bugun, in ma nasa ne, yana nuna zuciya na aiki a wannan daƙiƙar kawai. Yaron da iska ba ta isar sa yakan rage motsi tun zuciyarsa na bugawa, kuma waɗannan sa'o'in ne likita zai iya yin wani abu. A asibiti sukan sa na'urar da ke bin bugun na tsawon lokaci, su ga yadda yake hawa da sauka idan ya motsa, abin da doflar gida ba za ta nuna miki ba.

Yawanci tsakanin mako 16 zuwa 24 ake fara jin motsi, daga nan ki san yadda naki ya saba. Zancen cewa yaro na rage motsi in haihuwa ta kusa ba gaskiya ba ne. Ranar da ya ragu ko ya sauya, ko kika ga jini, ko ruwa ya zubo, ki ajiye na'urar ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.