Yadda ake neman kulawar sauya jinsi a asibitin kuɗi a Ingila, da yadda ake biyan kuɗinta

A Ingila, wanda ya ga jinsin da aka rubuta masa ranar haihuwa bai dace da yadda yake jin kansa ba yana iya samun kulawa kyauta a hukumar lafiya ta NHS, sai dai layin yana da tsawo, har akan shafe shekaru kafin ganin likita na farko. Shi ya sa wasu ke komawa asibitin kuɗi. Wannan bayani ya shafi 'yan shekara 18 zuwa sama ne, domin tun 2024 gwamnati ta hana a fara ba yara maganin dakatar da balaga ta wannan hanya.

Matakin farko shi ne zuwa wurin likitan unguwa, wanda ake kira GP, a nemi ya tura sunan mutum layin NHS, tunda zuwa asibitin kuɗi ba ya fitar da kowa daga layin. A zaman nan kuma a tambaye shi kai tsaye ko zai amince da yarjejeniyar kulawa ta haɗin gwiwa, wato ƙwararren likita ya tsara magani, shi kuma ya riƙa rubuta shi yana yin gwajin jini. A ganina wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci, domin doka ba ta tilasta masa ba, kuma amsarsa ce ke nuna nauyin da aljihu zai ɗauka. Idan ya yarda, fam 9.90 ake biya kan kowane magani, ko a sayi takardar da ke biyan duk magungunan shekara guda kan fam 114.50. Idan ya ƙi, kuɗin magani da na gwajin jini da na komawa ganin likita duk suna wuyan mutum, kuma homon, wato sinadarin da ake bayarwa don sauya siffofin jiki, magani ne da ake daɗewa a kansa.

Bayan haka sai zaɓen asibiti. A duba sunan likitan a rajistar GMC, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, asibitin kuma a ta CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci, sannan a nemi farashi a rubuce, har da na wasiƙu, domin akan caji kuɗinsu daban. Yawanci akan fara da zaman tantancewa wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, wanda rahotonsa ne likitan homon zai dogara da shi.

Kafin a fara magani, a tattauna batun haihuwa, tunda homon na iya rage ta; doka ta yarda a adana maniyyi ko ƙwai har shekara 55, ana sabunta izini duk shekara goma, ajiyar kuma tana da kuɗinta na shekara-shekara. Tiyata kuwa sai da wasiƙar ƙwararru, kuma yawancin inshorar lafiya ba ta biyan ta, don haka a tambayi asibitin ko farashin ya haɗa da kwanciya da gyara idan an samu matsala.